Yadda Za Ka Gyara Sama Idan Ta Fito Fari Fat A Hoton Waya



Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gona a watan Agusta, a Faskari ko Sabuwa, masara ta yi kore shar, hadari ya fara haɗuwa daga gabas, ya zaro waya ya ɗauki hoto, ya san matsalar da za mu tattauna a yau. Ido ya ga sama shuɗiya da gajimare tuli-tuli, amma da ka buɗe hoton sai ka tarar rabinsa na sama ya fito fari fat, kamar an shimfiɗa farar takarda a bayan gonar. Da yawa sai su ɗora wa wayar laifi, su ce ai kyamarar itel ce ko Tecno. Wasu kuma su yi ta jibga wa hoton filta har masarar ta koma kalar leda, sama kuwa tana nan yadda take.

Abin da ya kamata ka fara sani shi ne, farar sama iri biyu ce, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai wadda ta ƙone saboda haske ya yi wa kyamara yawa. Akwai kuma wadda hazo ko ƙura ta lulluɓe. Idan ba ka bambance su ba, za ka ɓata awa guda kana jan madannai a banza.

Hoto lissafi ne

Tunda aikina rubuta manhaja ne, bari in fara daga inda na fi sani. Kowane hoto a wayarka tarin ƙananan ɗigo ne, miliyoyinsu, kuma kowane ɗigo lambobi uku ne kawai: yawan ja, yawan kore, yawan shuɗi. A hoto irin na JPEG, wanda shi ne kusan kowace waya ke ajiyewa, kowace lamba tana farawa daga 0 ta tsaya a 255. Babu 256, balle 300.

Ɗauki ɗigo ɗaya na shuɗin sama: ja 135, kore 206, shuɗi 235. A sauƙaƙe, a ce kyamara ta ƙara masa haske da rabin abin da yake da shi. Ja zai koma 202, kore ya kamata ya kai 309, shuɗi 352, amma tunda rufin ɗakin 255 ne, sai su biyun su tsaya a 255. Wannan shi ya sa wani lokaci kake ganin sama ta yi wani fari-fari mai ratsin tsanwa, kalar da ba ka taɓa gani da ido ba. Idan aka ninka hasken sau biyu kuwa, duka ukun sun bugi rufi: 255, 255, 255. Fari ke nan zalla.

To yanzu ka zo gyara, ka rage hasken zuwa rabi. Me za ka samu? 127, 127, 127, wato ruwan toka. Shuɗin ba zai dawo ba, domin bambancin da ke tsakanin lambobin uku, wanda shi ne kalar, ya riga ya goge tun lokacin da aka danna hoton. Babu manhajar da za ta dawo da shi, ta kyauta ko ta kuɗi. Abin da kawai za ta iya shi ne ta ƙirƙiro wata sama ta liƙa maka.

Samar da hazo ya rufe kuwa daban take. Lambobinta na iya zama 200, 210, 220. A ido fari-fari ce, amma bambancin yana nan, ya dai matse ne. Irin wannan ana iya buɗe ta.

Me ke sa waya ta ƙona sama tun farko? Saboda dole ta zaɓi ma'aunin haske ɗaya ga hoton gaba ɗaya, alhali sama ta fi ƙasa haske nesa ba kusa ba. Ganyen masara duhu gare shi, haka duwatsu da kukoki da fuskokinmu. Wayar takan zaɓi ta haska abin da ke ƙasa, musamman idan ta hango fuskar mutum, sai sama ta biya bashin. Ka lura da akasin haka idan ka ɗauki hoto a inda ake haƙar farar ƙasa a Ƙanƙara, ko a gaban tulin auduga a Daudawa: tunda ƙasan ma fari ne, wayar sai ta rage haske da kanta, sama ta fito raɗau ba tare da ka taɓa komai ba.

Gwajin minti ɗaya

Manhajar da za mu yi aiki da ita ita ce Snapseed, wadda Google ya saya tun 2012. Kyauta ce, babu talla, kuma da zarar ka sauke ta ba ta buƙatar data. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga mu da muka ga watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Katsina, ciki har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Manhajar da sai ta tura hotonka intanet kafin ta gyara shi ba abokiyar tafiyarmu ba ce.

Buɗe hoton, ka shiga Tools, ka zaɓi Tune Image. Idan ka ja yatsa sama ko ƙasa a kan hoton za ka ga jerin abubuwan da ake gyarawa, idan ka ja hagu ko dama sai ka rage ko ka ƙara. Zaɓi Highlights ka ja shi hagu har ƙarshe, sannan ka yi wa Brightness haka. Hoton zai yi duhu, kada ka damu, gwaji ne kawai. Dubi sama. Idan ka fara ganin siffar gajimare ko ɗan shuɗi yana leƙowa, tana da rai. Idan kuwa ta koma toka sumul, babu tabo babu zane, ta ƙone.

Akwai kuma ɗan zane mai kama da tsaunuka a kusurwar hagu ta ƙasa, ana ce masa histogiram. Hagunsa duhu ne, damansa haske. Idan ka ga wani dogon tsini ya manne da bangon dama, waɗannan su ne ɗigon da suka bugi 255. Gwargwadon tsawon tsinin, gwargwadon asarar.

Kafin ka danna

Gaskiyar magana, mafi yawan gyaran sama ana yin sa ne kafin a ɗauki hoton, kuma bai kai daƙiƙa biyar ba.

Fara goge gilashin kyamarar da gefen rigarka. Wayar da ta kwana a aljihu ɗaya da goro da canji, aka riƙe ta da hannun da ya ci ƙosai, maiƙon da ke kan gilashinta kaɗai ya isa ya baza haske ya wanke hoton duka. Idan kuma ka liƙa wa kyamarar gilashin kariya ya karce, cire shi ya fi barinsa amfani.

Bayan haka, ka taɓa sama a kan allon wayar, ba gona ba. Za ka ga hoton ya ɗan yi duhu, gajimare sun bayyana. A yawancin wayoyi wata alamar rana takan fito kusa da inda ka taɓa, sai ka ja ta ƙasa kaɗan har farin ya ragu. Idan wayarka tana da Pro a cikin kyamara, nemi EV ka mayar da shi kamar -0.7 ko -1. Eh, gonar za ta yi duhu. Ka bar ta. Duhu ana iya ɗago shi daga baya, domin lambar da ta sauka 30 ko 40 tana nan da ranta, amma wadda ta kai 255 ta tafi. Ka kuma kunna HDR: abin da yake yi shi ne ɗaukar hotuna da dama a jere cikin ƙiftawar ido, wasu da haske wasu da duhu, ya haɗe su. Sai dai ka riƙe wayar da kyau, kuma idan akwai shanu suna tafiya ko iska na kaɗa dawa, yakan bar inuwa biyu-biyu.

Sai inda ka fuskanta. Kusa da rana sama fara ce ko a ido, don haka ka juya mata baya: da hantsi ka fuskanci yamma, da la'asar ka fuskanci gabas. A watannin sanyi rana takan karkata kudu a nan wajenmu, saboda haka arewa ce ta fi shuɗi. Tsakar rana kuwa, musamman a Afrilu da Agusta da rana ke ratsawa ta tsakar ka, ba lokacin hoton fili ba ne. Samar da ta fi kowace kyau a shekara, a ganina, ita ce ta washegarin ruwan sama mai ƙarfi a ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya wanke ƙurar da ke iska.

Wanda wayarsa ke iya ajiye hoto irin na RAW ya fi kowa sa'a, domin maimakon matakai 256, yana samun 1,024 ko 4,096 a kowace kala, gwargwadon wayar. Ba kowace waya ke bayar da wannan dama ba. Za ka iya gwadawa da manhajar Open Camera, ita ma kyauta ce, idan wayar ta yarda za ka ga zaɓin a cikin saitinta. Hoto ɗaya dai yana cin wuri sosai.

Gyaran samar da ke da rai

Nan ne aikin yake. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gyara hoton gaba ɗaya saboda sama. Ka ƙara kala don sama ta yi shuɗi, sai jar ƙasa ta koma kamar manja, fuskar mutum ta koma kamar an shafa mata lalle. Sama daban za a gyara ta, ƙasa daban.

Kafin komai, ka kashe wannan saitin kare ido da ke mayar da allo rawaya-rawaya, ka kai hasken allon tsakiya, ka shiga inuwa. Wanda ya yi gyara a cikin rana da allo a ƙure, idan dare ya yi zai ga abin da bai yi niyya ba.

Matakin farko na hoton duka ne, kuma a hankali. A Tune Image, ka rage Highlights zuwa wajen -40 ko -60, ka ɗaga Shadows zuwa 20 ko 30 don gonar ta fito, ka ƙara Ambiance kaɗan, kada ya wuce 20. Danna alamar amincewa.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane da yawa ba su san Snapseed na yi ba. Sake shiga Tune Image, amma wannan karon ka manta da ƙasa, sama kawai kake kallo. Rage Brightness zuwa kamar -30, ƙara Contrast da Saturation wajen 20 kowanne, sannan ka ja Warmth hagu kaɗan, -10 ya isa, shi ne ke sanyaya kalar ta karkata zuwa shuɗi. Ƙasa za ta ɓaci, ka ƙyale ta, ka amince. Yanzu dubi saman allo, akwai alamar wasu faifai da aka jera da 'yar kibiya. Taɓa ta, ka zaɓi View edits. Za ka ga jerin duk gyaran da ka yi. Taɓa Tune Image na ƙarshe, ka danna alamar buroshi da ke tsakiya. Gyaran zai ɓace daga hoton, sai inda ka shafa da yatsa ne kawai zai dawo. Shafa sama. Idan ka kunna alamar ido, inda ka shafa zai yi ja don ka ga iyakarsa.

Ga inda gwaninta take. Ƙarfin buroshin yana da matakai: 100, 75, 50, 25 da 0. Can ƙololuwar hoton ka shafa da 100, da ka gangaro ka koma 75, sannan 50, kusa da inda sama ta haɗu da ƙasa ka sa 25 ko ka bar shi haka nan. Dalili kuwa, fita waje ka duba: sama ta fi shuɗi a tsakar ka, tana yin fari-fari yayin da take gangarowa bakin ƙasa. Hoton da shuɗinsa ya zo iri ɗaya tun daga sama har kan rufin kwano, ko yaro ya san an taɓa shi. Wajen rassan bishiya da turakun lantarki, ka buɗa hoton da yatsu biyu, buroshin zai ƙanƙance, sai ka bi a hankali. Idan ka zarce kan ganye, mayar da shi 0 ka goge.

Idan kana sauri, akwai Selective: ka ɗora ɗigo a kan sama, ka buɗa ko ka matse da yatsu biyu don faɗin wurin, ka rage haske ka ƙara kala. Yana aiki idan sama a fili take, babu bishiyoyi da yawa.

Masu amfani da Lightroom suna da hanya mafi gajarta. A cikin Color akwai Mix, ka zaɓi shuɗi, ka rage Luminance ɗinsa, ka ɗan ƙara Saturation. Shuɗi kaɗai zai motsa, sai dai ka lura, idan akwai mai shuɗiyar shadda a hoton, ita ma za ta bi. Zaɓin da ke ware sama da kansa yana cikin ɓangaren da ake biyan kuɗi, kuma buroshin Snapseed ya ishe ka.

Filtocin HDR Scape da Drama kuwa, shawarata ka yi nesa da su, ko ka rage ƙarfinsu sosai. Su ne ke zana wani farin layi a kewayen bishiyoyi da duwatsu, gajimare su yi baƙi ƙirin kamar hayaƙin taya. A kowane mataki ka danna yatsa ka riƙe a kan hoton don ka ga yadda yake da farko. Idan bambancin ya ba ka mamaki, ka yi yawa.

Hazo

Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, da yawanta daga kwarin Bodele da ke ƙasar Chadi, ta baza mana. Shuɗin sama yana samuwa ne saboda iska tsantsa ta fi warwatsa shuɗin haske a kan sauran kaloli. Ƙwayoyin ƙura kuwa manya ne, suna warwatsa duka kalolin kusan daidai wa daida, shi ya sa sama ke komawa fari ko ruwan ƙasa. Ma'ana, a ranar hazo kyamararka ba ta yi ƙarya ba. Abin da ta gani ta ɗauka.

Idan hazon mara kauri ne, Dehaze da ke cikin Effects na Lightroom yana taimakawa, 15 zuwa 30. Idan ka wuce nan sai sama ta fara tsatsa-tsatsa, kuma ta rabu layi-layi kamar matakala, domin 'yan lambobi ashirin ne kake son ka miƙe su su cike gurbin ɗari. A Snapseed, Curves na yin kusan irin wannan aiki: ja ɗigon da ke ƙasa ta hagu zuwa dama kaɗan, duhun hoton zai dawo, dishi-dishin ya ragu.

Idan kuwa hazon ya yi kauri irin wanda ake kallon rana kamar faranti, kada ka nemi shuɗi. Bi hazon: ƙara Warmth, ka bar sama ta yi ruwan zuma, kukoki da giginya su tsaya baƙi a gabanta, na nesa suna dusashewa ɗaya bayan ɗaya. Hoton hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara a Janairu da shuɗiyar sama tas, duk ɗan yankin da ya gani ya san ba nan ba ne.

Wadda ta ƙone fa?

Zaɓi uku gare ka. Ka yanke hoton da Crop ta yadda sama za ta zama 'yar siririya a sama, gona ko kasuwa ta cike sauran. Ko ka mayar da shi baƙi da fari, inda farar sama ba aibi ba ce. Ko ka sauya ta da wata, kamar yadda wasu wayoyin Redmi da manhajoji da dama ke yi da dannawa ɗaya.

Na ukun ba na hana shi idan hoton ado ne, amma ka san yana tona kansa. Inuwar bishiya ta faɗi gabas, ranar da aka liƙa kuma tana gabas. Ko hoton dam ɗin Mairuwa, sama ta yi ja da faɗuwar rana, ruwan da ya kamata ya ɗauki hotonta yana nan fari. Idan dole sai ka yi, ka riƙa tara hotunan samar garinku a lokuta daban-daban, ka yi amfani da naka. Amma hoton da za ka nuna wa mai sayen gona, ko wanda za ka ce ga halin da damina ke ciki a Sabuwa bana, wannan shaida ce, kada ka liƙa masa komai. Tun bayan sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, mutanen nesa ba su san yankinmu da komai ba sai labarin 'yan bindiga. Hotunan gonaki da duwatsu da ranakun kasuwa da matasa ke ɗorawa su ne ke nuna ɗaya fuskar, kuma da zarar an kama ɗaya da samar aro, sauran ma sai a daina yarda da su.

Filtar gilashi

Akwai filta ta zahiri da ake maƙala wa kyamarar waya, ana rubuta CPL a jikinta. Tana tace wani ɓangare na hasken sama tun kafin ya shiga, tana kuma rage ƙyallin ruwa da na ganye, abin da manhaja ba ta iyawa. Juya ta ake yi a hankali har sama ta yi duhu. Ta fi aiki idan rana na gefenka, wato ka fuskanci arewa ko kudu da safe ko da yamma. A hazo mai kauri ba ta taɓuka abin kirki. Kafin ka kashe kuɗi, idan kana da baƙin tabarau irin mai kashe ƙyalli, ɗora shi a gaban kyamara ka juya, za ka ga irin aikin da take yi.

Ajiyewa da turawa

Ka yi gyara a kan ainihin hoton da kyamara ta ɗauka, ba wanda aka turo maka ta WhatsApp ko wanda ka ɗauka daga allo ba, domin waɗannan an riga an matse su, kuma sama ce wurin farko da matsi ke ɓatawa. A saitin Snapseed ka mayar da ingancin ajiya JPG 100%. Wajen turawa ta WhatsApp ka danna HD, ko ka tura shi a matsayin Document, ko ta Xender idan kuna kusa.

Sai dai hoton da aka tura a matsayin Document yana tafiya da duk bayanan da ke ɓoye a cikinsa: irin wayar, ranar da aka ɗauka, har da ainihin wurin da ka tsaya idan kyamararka na ajiye wuri. A halin da ake ciki, ba kowa ya kamata ya san inda gonarku ko garken gidanku yake ba. Shiga saitin kyamara, nemi Location ko Geotag, ka kashe shi kafin ka fita ɗaukar hoto.